Maƙerin da Ya So a Bauta Masa

Yawancinku da kuka kalli finafinan The Lord of the Rings kun san Sauron ne a matsayin wani jan ido na wuta a bisa doguwar hasumiya, yana waige-waige yana neman zobensa. Peter Jackson ne ya shirya finafinan nan uku a ƙasar New Zealand, suka fito a 2001 da 2002 da 2003, na ƙarshensu ya kwashe kyautar Oscar har 11. Aiki ne mai kyau, ban hana ku kallo ba. Sai dai idon nan ya cuce ku ta wani ɓangare, domin ya sa kun ɗauka mugu abu ne da ake hangowa daga nesa a ruga. A littattafan da aka ciro fim ɗin daga cikinsu, Sauron ya shafe dubban shekaru da kyakkyawar fuska da daɗin baki da gwaninta a sana'a, kuma abin da ya fara ɓatar da shi hali ne da iyayenku ke yaba muku idan sun gan shi tare da ku. Dalilin da ya sa na ga ya kamata mu zauna a kansa ke nan, ƙannena maza da mata.

Wanda ya ƙagi labarin Bature ne ɗan Ingila, J.R.R. Tolkien. An haife shi a 1892 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ya tashi a Ingila, ya halarci yaƙin Somme a Faransa a 1916, inda ya rasa wasu daga cikin aminansa. Daga baya ya zama farfesan tsohon harshen Ingilishi a Jami'ar Oxford. The Lord of the Rings ya fito cikin juzu'i uku a 1954 da 1955. Tarihin da ya gabaci wannan labari kuwa, wato The Silmarillion, sai a 1977 ɗansa Christopher ya fitar da shi, shekara huɗu bayan rasuwar uban. Tolkien Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addininsa, kuma ya bayyana a rubuce cewa asalin rikicin labarin yana kan tambayar wanda ya cancanci a bauta masa, domin burin Sauron shi ne ya zama sarki kuma abin bauta a lokaci guda. Ƙagaggen labari ne, ba aƙida ba. Mu da muka tashi da sanin Iblis da ya ƙi sujada saboda ganin fifikon kansa, da Fir'auna da ya ɗora wa mutanensa bautarsa, ba mu jiran wani marubuci ya koya mana illar girman kai. Abin da Tolkien ya ƙware a kai shi ne nuna matakalar, taki bayan taki, yadda mai baiwa ke gangarawa har can ƙasa yana ganin hawa yake yi.

A duniyar da ya ƙaga akwai mahalicci ɗaya da ake kira Eru, akwai kuma ruhohi da ya halitta tun kafin duniya. Mafi ƙarfinsu shi ne Melkor, wanda daga baya aka laƙaba wa suna Morgoth. Yana da rabo a cikin kowace baiwa da aka ba 'yan'uwansa, amma hakan bai ishe shi ba, so yake ya samu halittun da za su kira shi ubangiji. Da aka tara su don rera waƙar da duniya za ta samu siffarta daga gare ta, sai ya riƙa cusa nasa amon domin a ji shi sama da kowa, har waƙar ta rikice. Da ya sauko duniya ya ga ba zai iya halitta ba, sai ya koma ɓata aikin wasu. Ya sace lu'ulu'u uku da ake kira Silmaril, ya dasa su a kambin ƙarfe, ya naɗa kansa sarkin duniya, alhali duwatsun sun ƙone masa hannu ƙunar da ba ta taɓa warkewa ba. Ya yi ta zuba ƙarfinsa cikin ƙasa da dodanni da bayinsa don komai ya ɗauki tambarinsa, har ya wayi gari ya ragu, kamar mai gishirin da ya juye buhunsa a kogi don kowa ya ɗanɗana: kogin bai zama nasa ba, buhun kuma ya tafi. Ranar da aka ci shi da yaƙi, daga can ƙarƙashin ƙasa aka zaƙulo shi yana roƙon afuwa, aka daddage kambin nan aka yi masa ƙuƙumi da shi.

Ba zan daɗe a kan Melkor ba, ya yi mana nisa. Babu ɗayanku da ke kwana da mafarkin rushe duniya. Yaronsa Sauron shi ne na kusa da mu.

Asalin Sauron maƙeri ne, almajirin Aule, ruhin da ke kula da duwatsu da ƙarafa da sana'ar hannu. Tolkien ya ce kyakkyawan halinsa na farko shi ne son tsari. Ba ya son ɓarna, ba ya son hargitsi, ba ya son a ɓata lokaci ana jayayya a kan abin da shi ya riga ya hango mafitarsa. Abin da ya ja shi wajen Melkor ma shi ne ganin yadda yake zartar da abin da ya ga dama nan take, ba shawara, ba jiran kowa. Kun san irin wannan mutum, wataƙila ma a ajinku yake, wataƙila kai ne ko ke ce. Shi ne wanda idan an raba aiki yakan ce a bar masa ya yi shi kaɗai, tunda sauran nawa gare su. Kuma sau da yawa gaskiyarsa ce, ya fi su iyawa. A nan matsalar take. Mara iyawa idan ya yi girman kai, dariya za a yi masa, rayuwa kuma ta ladabtar da shi tun da wuri. Mai iyawa kuwa kullum yana samun shaidar da ke ƙarfafa masa zaton cewa da kowa zai bi abin da ya ce, da an huta. Daga nan sai mutane su daina zama abokan aiki a idonsa, su koma kayan aiki, wanda ya yi gardama kuma ya zama tsatsar da za a kankare.

Akwai wani wuri a labarin da masu karatu kan wuce da sauri, ni kuwa a ganina duk rayuwar Sauron a nan ta karye. Bayan faɗuwar Morgoth, Sauron ya zo gaban Eonwe, jagoran rundunar da ta yi nasara, ya ce ya tuba. Wasu a cikin labarin ma sun ɗauka da farko tubar ta gaskiya ce, ko da tsoro ne ya kawo ta. Eonwe ya gaya masa ba shi da ikon yafe wa tsaransa, sai dai ya koma Valinor, mazaunin manyan ruhohi, ya tsaya gabansu a yanke masa hukunci, wanda mai yiwuwa doguwar hidima ce da za ta tabbatar da tubarsa. Sauron ya ji kunya. Ya tuna ikon da yake da shi a ƙarƙashin Morgoth, ya auna shi da zaman mai laifi a gaban waɗanda ya taɓa zama cikinsu, sai ya sulale ya ɓuya. Ku lura, bai ce zai koma ɓarna ba. Hasali ma da niyyar gyaran ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita ya fara. Abu ɗaya kawai ya ƙi: wani ya bincike shi.

Irin wannan tuba tana da yawa a cikinmu. Mutum zai yarda a zuciyarsa ya yi kuskure, zai ma ƙuduri niyyar ninka alheri don ya goge shi, amma ya je gaban wanda ya zalunta, ko gaban malaminsa, ko mahaifiyarsa, ya ce ga abin da na yi, ku yanke mini, wannan ya fi ƙarfinsa. Shi ne mai laifi, shi ne alƙali, shi ne kuma mai yin afuwa. Duk wanda ya saba da wannan kujera, to wata rana zai nemi ya zauna a kanta game da sauran mutane ma.

Da ƙarni suka shuɗe, sai ya fito da sabon suna, Annatar, cikin kyakkyawar kama, a matsayin mai kawo kyauta da ilimi. Ya nufi jinsin Elf, waɗanda tsufa ba ya kashe su. Sarkinsu Gil-galad da Elrond, ɗaya daga cikin manyansu, ba su san ko wane ne ba, amma ransu bai kwanta da shi ba, suka hana shi shiga ƙasarsu. Maƙeran Eregion kuwa, ƙarƙashin Celebrimbor, suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya san abin da ke ransu: suna son ƙwarewa, suna son su tsayar da kyawun duniya kada ya dusashe. Ya koya musu ƙirar zobban iko. A ɓoye kuma, wajen shekara ta 1600 ta Zamani na Biyu a lissafin labarin, ya ƙera nasa zoben a cikin dutse mai aman wuta a Mordor, ya zuba mafi yawan ƙarfinsa a ciki domin ya mallaki zukatan masu sanye da sauran. Da asiri ya tonu ya zo da yaƙi, ya kashe Celebrimbor, ya kwashe zobban da ya samu, ya raba bakwai ga wadanni, tara ga 'yan Adam. Mutum taran nan sun samu abin da aka yi musu alkawari. Sun yi sarauta, sun yi dukiya, sun yi suna, mutuwa ta yi nesa da su. A hankali kuma suka dusashe har ido ya daina ganinsu, suka zama inuwoyin da ba su da nufi sai nufinsa. Ko shugabansu ba a san sunansa ba, sai laƙabi. Akwai ma wani jakadansa, mutum mai rai, da ya yi masa hidima har ya manta sunan kansa, ana kiransa Bakin Sauron kawai.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ba ina nufin ku riƙa zargin duk mai alheri ba, Allah ya kiyaye, akwai mutanen kirki da ke ɗaukar nauyin karatun yaran da ba su haifa ba, ba su taɓa neman ko na gode ba. Amma akwai ubangidan da zai saya maka waya, ya riƙa sa maka data, ya ba ka babur, kuɗin kuwa bakinka ne. Daga ranar za ka riƙa zagin wanda bai yi maka komai ba a Facebook, kana kare abin da ka san ƙarya ne, har a daina kiranka da sunan da mahaifinka ya raɗa maka, a koma cewa yaron wane. Gane bambancin ba shi da wuya. Ka saɓa masa sau ɗaya a kan abin da ka tabbata kana da gaskiya, cikin ladabi, ka ga abin da zai faru da kyautar.

Inda burin Sauron ya fito fili shi ne tsibirin Numenor. Mutanen wannan tsibiri an ba su tsawon rai fiye da sauran 'yan Adam, sarkinsu na farko, Elros, shekara 500 ya yi a duniya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu: kada su yi nisa da jiragensu zuwa yamma, inda ƙasar marasa mutuwa take. A tsakiyar tsibirin akwai dutsen Meneltarma, wanda ba a gina komai a kansa ba. Sau uku a shekara sarki kan hau shi da ƙafa, jama'a na biye da shi cikin shiru, ya yi addu'a ga Eru. Wato kowa na gani da idonsa cewa sarkin ma akwai wanda ke sama da shi. Da arziki ya yi yawa sai tsoron mutuwa ya shige su, suka shiga gina manyan kaburbura, suna ƙorafin me ya sa su za su mutu wasu su dawwama.

Sarkinsu na ƙarshe, Ar-Farazon, da ƙarfi ya auri 'yar baffansa Miriel, wadda ita ce magajiyar sarauta, ya ƙwace gadon. Da ya ji Sauron na kiran kansa sarkin mutane sai ransa ya ɓaci, ya sauka da runduna a Umbar a 3261 ta Zamani na Biyu, ya aika Sauron ya zo ya yi mubaya'a. Mayaƙan Sauron da suka ga yawan rundunar suka watse. Shi kuwa ya zo, ya ƙasƙantar da kansa, ya yi kalamai masu daɗi, ya yarda a tafi da shi tsibirin a matsayin fursuna. Wanda ya ƙi tsayawa gaban manyansa don a hukunta shi da gaskiya, ga shi ya durƙusa gaban ɗan Adam mai mutuwa. Saboda haka kada durƙuso ya ruɗe ku. Mai girman kai yana iya zubewa ƙasa idan akwai riba a zubewar, yana iya cewa ranka ya daɗe sau ɗari a wuni. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne hukuncin da ba shi ya tsara ba.

Cikin shekara uku fursuna ya zama babban mashawarcin sarki. Ya gaya masa Eru ƙirƙira ce kawai da aka yi don a tsorata su, mai iko na gaskiya shi ne Melkor, kuma shi ke iya kuɓutar da mutum daga mutuwa. Fursuna ba shi da bakin cewa a bauta masa, sai ya ɗaga sunan tsohon ubangidansa da aka riga aka kora daga duniya, shi kuma ya zama babban limamin gidan tsafin, wato kowace bauta ta hannunsa za ta bi. Aka hana hawa Meneltarma. Aka gina ƙaton ɗakin tsafi a birnin Armenelos, bangonsa ƙafa 500 a tsaye, da ƙubba ta azurfa wadda hayaƙi ya mayar baƙa. Itacen farko da aka hura wutar da shi shi ne Nimloth, farar bishiyar da ke fadar sarki tun kaka da kakanni. Bayan bishiya sai mutane, yawanci daga cikin waɗanda suka ƙi barin tsohon imaninsu. Mutuwar da ake gudu kuma ba ta ja baya ba, sai ma ta riƙa zuwa da wuri, ta hanyar cuta da hauka da kisan juna. Wata rana aradu ta faɗa kan ƙubbar, Sauron ya tsaya a ƙololuwarta bai ji ko ƙwarzane ba, nan take jama'a suka kira shi allah. Abin da yake nema ke nan tun farko.

Mukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan karin maganar ba ta faɗi gaskiya duka ba. Sauron bai shuka komai a zuciyar Ar-Farazon ba, abin da ya tarar a ciki ya yi wa ban ruwa. Sarkin da ya ƙwace gado, ya ɗauko abokin gaba ya ajiye a fada don a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya ci da yaƙi, ai shi ya buɗe ƙofar da hannunsa. Da tsufa ya kama shi, Sauron ya ce masa ya je ya ƙwace ƙasar marasa mutuwa. Ya tafi da jiragen da suka rufe teku a 3319, teku ta tsage, tsibirin ya nutse da mata da yara da dukiya. Sauron na zaune cikin ɗakin tsafinsa yana dariya lokacin da ƙasa ta rufta da shi. Ruhinsa ya tsira ya koma Mordor, amma daga ranar bai sake iya ɗaukar kyakkyawar kama ba. Sai tsoro kaɗai ya rage masa abin mulki.

Yadda ya ƙare kun gani a fim, amma ku duba dalilin. Sauron ya fi abokan gabansa runduna da dabara, sai dai da mudun zuciyarsa yake auna kowa. Bayan zoben ya kuɓuce masa, bai taɓa kawowa a ransa cewa wani zai same shi ya nemi halaka shi ba, tunda shi ba zai iya ba. Shi ya sa da Aragorn, jagoran abokan gabansa, ya tunkari ƙofar Mordor da mutanen da ba su kai 6,000 ba, sai ya ɗauka sabon mai zobe ne giyar iko ta ɗebe shi, ya kwashe rundunarsa ya tura can, ya bar hanyar dutsen wuta ga wasu ƙananan halittu biyu masu tafiya ba takalmi, Frodo da Sam, da ke ɗauke da zoben za su jefa shi a wuta. Shekaru dubbai ya yi yana kewaye da bayin da ba mai iya ce masa wataƙila ba haka ba ne.

Kada kuma ku ɗauka mutanen kirki na labarin sun tsira ne don zukatansu ba sa so. Gandalf ya ƙi karɓar zoben domin ya san ta ƙofar tausayi da son gyara zai shige shi. Galadriel ta daɗe tana kwaɗayinsa, da aka miƙa mata ta hango kanta sarauniyar da kowa zai so ya kuma ji tsoro, ta janye hannu. Boromir birninsu yake son ceta, ya kai wa abokin tafiyarsa Frodo hari don ya ƙwace zoben. Sam mai aikin lambu ma zoben ya nuna masa Mordor ta zama ƙaton lambu a ƙarƙashin umarninsa, sai ya tuna ɗan lambun da zai noma da hannunsa ya ishe shi. Frodo da kansa, bayan duk wahalar da ya sha, a bakin ramin wutar ya ce zoben nasa ne. Da Gollum, wanda ya taɓa riƙe zoben a da, bai gantsare masa yatsa ya faɗa da zoben ba, da aiki ya ɓaci, Gollum ɗin kuwa ya rayu har ranar ne saboda an sha tausaya masa an ƙi kashe shi. Kowannensu ta wajen alherinsa aka zo masa.

To ku da kuke tasowa yanzu, iko na zuwa muku da wuri fiye da yadda ya zo wa na gabanku. Yarinya 'yar shekara ashirin tana iya samun mabiya a TikTok fiye da mutanen garinsu. Saurayi na riƙe da ƙungiyar ɗalibai, ko zauren WhatsApp da yake cire wanda ya ga dama, ko shago da yara biyar a ƙarƙashinsa. Ba wanda zai gina muku ɗakin tsafi, amma za ku samu 'yan amshin shata, kuma daɗin da ake ji idan an faɗi magana kowa ya ce haka ne, daɗin nan ne dai da Sauron ya ji a kan ƙubba, an rage masa girma kawai. Girmama na gaba al'adarmu ce mai kyau, ku yi wa manya, ku kuma karɓa idan lokacinku ya zo. Inda za ku tsaya ku binciki kanku shi ne ranar da kuka ji gyara ya fi zagi ciwo, ko kuka fara ƙirga waɗanda ba su yaba muku ba.

Ina roƙonku, kowa ya riƙe mutum ɗaya ko biyu da ba sa cin komai a hannunsa, yaya ko malami ko tsohuwar ƙawa, waɗanda za su iya ce masa ka yi kuskure ba tare da sun ji tsoron rasa wani abu ba. Idan sun faɗa, kada a yanke musu waya. Wanda kuma yake da bashin haƙuri a kansa, ya je da ƙafarsa ya biya tun abin bai tsufa ba. Masu jin Ingilishi a cikinku kuwa su nemi The Silmarillion, su buɗe sashen da ake kira Akallabeth, nan ne labarin Numenor yake. Gajere ne, ana karance shi a zama ɗaya, sai ku ba wa ƙannenku labarin da Hausa.